Ashe Tuwo da Auduga 'Yan Ɗaki Ɗaya Ne

 Muna roƙon a ba mu ɗan fili mu ba da labarin wata damina da muka yi a Garwa, wato daminar 2024, wadda muka ƙare ta a zauren wani gida a unguwar Yelwa, mu huɗu, muna fama da littafi guda da fitilar caji guda. Maza uku ne da mace ɗaya, kuma duk mun ci jarrabawar Bak a wannan shekara. Abin da ke gabanmu shi ne abin da kowa a Kamaru ke kira konkur, jarrabawar ƙasa baki ɗaya wadda tun 2013 ita ce ƙofar da mai son karatun likita, ko haɗa magunguna, ko aikin haƙori zai bi. Masu nema dubbai ne, gurabe kuwa kaɗan.

Mu aikin haƙori muka sa a gaba, abin da ya sa mutane da yawa suka riƙa yi mana kallon waɗanda suka rasa abin yi. Wani kawunmu ma cewa ya yi, shekara da shekaru a jami'a don kawai a cire haƙori, alhali ga mai cirewa nan a kasuwa da 'yar awartakinsa? Ba mu ba shi amsa ba, domin babba ne. Amma duk wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori a arewacin ƙasar nan ya san yadda likitan haƙori ke da wuyar samu, tunda mafi yawansu suna can Yawunde da Duwala. An kafa Jami'ar Garwa a 2022, sashen koyon aikin likita da ke garin, wanda da yake ƙarƙashin Jami'ar Ngaundere, ya koma hannunta, kuma wannan ya sa yaran arewa suka fara ganin abin ba mafarki ba ne. Tsohuwar makarantar likitoci ta Yawunde kuwa, wadda aka buɗe tun 1969, ita ce inda idonmu yake saboda sashenta na haƙori.

To, babi na farko da ya tare mu a littafin nazarin halittu shi ne na manyan molekul guda huɗu da aka gina duk wani mai rai da su: dangin sukari da sitaci, da furotin, da dangin mai da kitse, da kuma waɗanda ke ɗauke da gadon halitta, wato DNA da ɗan'uwansa RNA. Mun yi wannan babi a lise, mun haddace shi da Faransanci kamar yadda aku ke haddace magana, mun zuba shi a takarda, mun manta. Mako biyu muka yi muna sake wannan hadda, sai muka ga duk tambayar da aka ɗan karkata ta sai ta kayar da mu. Ranar nan sai ɗayarmu ta rufe littafin ta ce, daga yau duk wanda zai yi bayani ya yi da Hausa ko Fulatanci, kuma ya nuna mana abin a cikin gidan nan. In bai iya ba, bai gane ba ke nan. Muka yi mata dariya, amma shawarar nan ita ta cece mu.

Gidan na mahaifiyar ɗayanmu ne, mu duka kuwa Inna muke ce mata. Carbinta muka fara ara. Manyan molekul ɗin nan yawancinsu kamar carbi suke, ƙananan ƙwayoyi ne aka jera a zare ɗaya, kuma duk sa'ad da aka ɗaura ƙwaya da ƙwaya sai ɗigon ruwa guda ya fita, in za a kwance kuma sai an mayar da ruwan. Narkar da abinci a ciki ba wani abu ba ne illa wannan kwancewa. Da muka gane haka sai rabin babin ya zauna.

Daga nan sai tuwo. Sitacin da ke cikin dawa da gero da masara da rogo carbi ne na sukari guda mai suna gulukos, ɗaruruwa har dubbai a jere, wani miƙaƙƙe wani mai rassa. Muka sayo aidin irin na wanke ciwo a kemis, muka ɗiga a kan loma ɗaya ta tuwon dawa, nan take ta koma shuɗi mai duhu kamar an tsoma ta a marina. Sa'an nan muka dama ɗan koko tsararo, ɗayanmu ya tofa yawu a ciki, muka ajiye shi ɗan lokaci, da muka ɗiga aidin sai launin ya ƙi fitowa kamar da. A cikin yawu akwai wani anzim mai suna amilas wanda ke tsinka carbin sitaci gunduwa-gunduwa tun abinci bai bar baki ba. Shi ya sa in ka daɗe kana tauna burodi ko dafaffen rogo za ka ji ya fara zaƙi. Inna ta leƙo ta ga abin da muke yi da kokonta, ta ce, "Ku 'ya'yan nan, wannan karatu ne ko ƙazanta?" Muka ce, "Inna, ki yi haƙuri, karatu ne." Ta ce to Allah ya ba da sa'a, amma a wanke mata kwanonta da toka.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne auduga. Duk ɗan Garwa ya tashi yana ganin manyan motocin SODECOTON suna shigowa gari da rani maƙare da auduga, tun da aka kafa kamfanin a 1974 hedkwatarsa tana nan garin, har ƙungiyar ƙwallonmu ma sunan auduga take amsawa. Ashe zaren audugar nan, kusan kashi 90 cikin 100 nasa selulos ne, selulos kuwa carbi ne na gulukos, wannan dai gulukos ɗin da ke cikin tuwo. Bambancin kawai yadda aka ɗaura su. A sitaci duk ƙwayoyin suna fuskantar gefe ɗaya, sai zaren ya nannaɗe, anzim ya sami wurin kamawa. A selulos kuwa kowace ƙwaya ta biyu an kifa ta, sai zaren ya miƙe sambal, ya manne da na kusa da shi, su zama igiya mai ƙarfi da ba ta narkewa a ruwa. Littafi ya kira ɗaurin farko alfa, na biyu beta. Cikin ɗan Adam ba shi da anzim ɗin kwance beta, don haka da mutum zai ci rigarsa da yunwa za ta kashe shi. Saniya ma ba ta da shi, sai dai tumbinta cike yake da ƙananan halittu masu yi mata aikin. Ɗayanmu da mahaifinsa ke zuwa kasuwar shanu ta Adumri ya yi shiru can, ya ce, wato duk garken nan ciyawa ce da ƙwayoyin da ido ba ya gani suka juya ta zama nama. Muka ce haka ne. Mun kai sha biyun dare a ranar muna jujjuya wannan magana, ruwa na zuba, sauro na cizo, ba wanda ya tuna da tafiya gida.

Sukarin shayi shi ne ya kawo mu ga haƙori. A wajenmu ana cewa tsutsa ce ke cin haƙori, har akwai masu yawo suna cewa suna fitar da ita. Babu wata tsutsa. Tun 1890 wani likitan haƙori Ba'amurke da ke aiki a Jamus, Willoughby Miller, ya nuna cewa ƙwayoyin bakteriya na baki ne ke cin sukari su fitar da tsami, tsamin ya zaizaye haƙori. Farin ɓawon haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin mutum, kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne na kalsiyam da fosfet, amma da zarar tsamin baki ya sauka ƙasa da 5.5 a ma'aunin pH sai ya fara narkewa. Sukarin rake kuma ya fi sauran ɓarna, domin wata ƙwaya mai suna Streptococcus mutans takan fasa shi biyu, ta ɗauki gulukos ɗin ta saƙa nata carbin mai danƙo, ta manne da shi a jikin haƙori ita da 'yan'uwanta. Wannan shi ne dattin da kan taru a gindin haƙori, wanda asuwaki ko buroshi ke kankarewa. Yawu yakan wanke tsamin ya mayar da ma'adinin da ya zube, amma yana bukatar lokaci, wajen rabin sa'a ko fiye. Saboda haka wanda ya sha shayinsa sau ɗaya ya tashi ya fi wanda ke kurɓa tun safe har dare zama lafiya. Mun faɗi wannan ne kowannenmu riƙe da kofin shayi na uku, wanda Inna ta zuba wa sukari kamar ba da kuɗi aka saya ba.

Furotin ya fi wahalar da mu, domin shi ƙwayoyin carbinsa iri 20 ne, ana kiransu amino asid, kuma jerin da aka yi musu shi ke sa zaren ya naɗe ya ɗauki wata siffa, siffar kuma ita ce aikinsa. In siffa ta lalace aiki ya tsaya. Wannan ba mu sha wuyar nemo misalinsa ba. Mai shayin bakin titi yana fasa ƙwai a kasko, ruwan ƙwai ya yi fari ya daskare, ba kuwa zai sake komawa ruwa ba har abada. Matan Fulani da ke kawo kindirmo su ma aikin da suke yi ke nan, tsami ne ke sa furotin ɗin madara ya dunƙule. Amilas ɗin yawu furotin ne, gashi da farce furotin ne, abin da ke ɗaukar iska a jini furotin ne.

Amma wanda mai son aikin haƙori ba zai kuskura ya manta ba shi ne kolajin, wanda ya fi kowane furotin yawa a jiki. Zare uku ne aka tufka kamar igiyar guga, kuma duk amino asid na uku a jerin, gilisin ne, ƙaramin cikinsu, don tufkar ta matse. Shi ne a cikin ganda, shi ne ke sa romon ƙafar saniya ya kama in ya kwana. A baki kuwa shi ne ginshiƙin dantin, wato ɓangaren da ke ƙarƙashin farin ɓawo, kuma shi ne ƙananan zaruruwan da suka ɗaure haƙori da ƙashin muƙamuƙi. Jiki ba ya iya tufka kolajin mai ƙarfi sai da bitamin C. In babu shi dasashi ya kumbura ya riƙa jini, haƙora su yi girgiɗi. Ciwon nan ya kashe matuƙan jiragen ruwa na Turai masu yawa, har a 1747 wani likitan jirgi, James Lind, ya gwada ba wasu lemo ya ga sun warke. Mu da muke da goba da lemon tsami da garin 'ya'yan kuka a kowace kasuwa, sai muka ga ashe maganin yana ƙofar gida.

A nan ne kuma muka fara jin nauyin abin da muke nema. Akwai ciwon da ake kira noma, wanda ke farawa kamar ɗan gyambo a dasashin yaro ƙarami, yawanci ɗan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ta raunana ko ƙyanda ta kayar, cikin 'yan kwanaki ya cinye kunci da leɓe. Yawancin waɗanda ba su sami magani ba mutuwa suke yi, alhali in an gan shi da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da tsabtar baki sukan tsayar da shi. A Sakkwato akwai asibiti musamman na yaran da ya kama tun 1999, kuma sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Ƙasashen da ke bakin Sahara ne ya fi addaba, mu kuwa a nan muke. Haka nan a wajen Meri, can kusa da Marwa, ruwan rijiyoyi da yawa yana da fuloraid fiye da miligiram 1.5 a lita da hukumar ta ƙayyade, sai ka ga yara da haƙora ja-ja kamar sun shekara suna cin goro, ba kuwa goro ba ne, ɓawon ne ya ginu da illa tun suna ƙanana. Da kawunmu ya san waɗannan, watakila da bai yi maganar awartaki ba.

Dangin mai ba mu daɗe a kansu ba. Man shanu yakan daskare da hunturu, man gyaɗa da man auduga su tsaya ruwa, saboda sarƙoƙin na farko miƙaƙƙu ne suna jeruwa su matse, na biyu kuwa suna da lanƙwasa. Tarkon da masu jarrabawa ke so shi ne, su ba carbi ba ne kamar sauran ukun. Abin da ya rage shi ne kowace ƙwayar halitta a jiki an kewaye ta da bango na mai, ninki biyu.

Wannan ɗan bayani da muka raina, shi ne muka fara gani da idonmu. Cikin watan Agusta Inna ta tashi da kunci a kumbure, kwana uku ba ta runtsa ba. Ta sa kanumfari, ta sa gishiri da ruwan ɗumi, maƙwabta suka ce a kira mai fitar da tsutsa. Muka taru muka durƙusa muka ce, "Inna, don Allah ki bari mu kai ki asibiti." Ta ce, "Ku da ko ƙofar makarantar ba ku gani ba, har kun fara?" Da ƙyar ta yarda. Muka ɗora ta a moto tun asuba, muka tarar da layi har waje, wasu daga ƙauyuka suka kwana a hanya. Da aka zo kanta likita ya duba ya rubuta magani, ya ce ta dawo in kumburin ya sauka. Inna ta fito tana faɗa, wai an karɓi kuɗinta an bar ta da haƙorinta. Mu kuwa muka dubi juna, don mun karanta dalili ɗaya a satin nan: allurar kashe zafi sai ta ratsa bangon mai na jijiya kafin ta yi aiki, wurin da ya yi ruwa kuma tsami ne da shi, tsamin yakan hana yawancin maganin ratsawa. Muka yi ƙoƙarin yi mata bayani a hanya. Ta ce mu rufe mata baki. Bayan mako guda aka cire shi, ba ta ji komai ba, ta zo da shi gida a ƙulle a bakin zane ta nuna mana ramin, ta ce mu duba da kyau ko akwai tsutsar.

DNA muka bari ƙarshe. Carbi ne mai ƙwayoyi iri huɗu kacal, A da T da G da C, zare biyu a murɗe, A kullum tana riƙe da T, G tana riƙe da C, yadda Watson da Crick suka bayyana a 1953 bisa hotunan da Rosalind Franklin da abokan aikinta suka ɗauka. Kowane haruffa uku suna nufin amino asid guda, RNA kuma shi ne ɗan aiken da ke kai saƙon inda ake ƙera furotin. Mun ɗauka wannan duk hadda ce, sai da muka iso misalin da ke cikin kowane littafi, wato sikila. Ɗaya daga cikin sarƙoƙin himogulobin tana da amino asid 146. A gurbi na shida, harafi ɗaya ya canza a DNA, GAG ya koma GTG, sai balin ya zauna a inda gulutamik asid ya kamata ya zauna. Vernon Ingram ne ya fara gano wannan bambanci a Ingila a 1956. Saboda wannan canji guda, in iska ta yi ƙaranci sai furotin ɗin ya manne da juna, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. In uwa da uba duk suna ɗauke da shi ba su sani ba, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon.

Ɗayarmu ce ke karanta mana wannan shafi a daren, sai muka ji muryarta ta tsaya. Ƙanenta ya rasu yana ɗan shekara tara, mun sani, mun je jana'iza, amma a gidansu amosani ake cewa, wasu dangi kuma suka ce sammu ne har aka daina gaisawa da wata goggo. Ta ce, "Harafi ɗaya?" Ba wanda ya amsa. Ta rufe littafin, muka raka ta gida cikin taɓo. Washegari ta riga kowa zuwa, ta ce ta gaya wa yayarta da ake shirin aurenta su je a gwada jininsu, ita da mijin, kuma ta ce za ta je gaida goggon nan ranar Juma'a.

Ranar jarrabawa ba mu da abin faɗi da yawa a kanta. Zafi, da tsoro, da agogo mai gudu. Tambayoyin nazarin halittu sun zo mana da sauƙi, har da ɗaya a kan ɗaurin da ke cikin selulos, wadda muka amsa muna ganin motocin auduga a zuci. Fizik ne ya yi mana kaca-kaca, don duk daminar mun ba shi ragowar lokaci ne kawai, laifin kuma namu ne.

Da sakamako ya fito sunan mutum ɗaya muka gani a cikinmu, ita. Yanzu tana kudu tana karatun haƙori, takan kira ta ce sanyi da ruwan sama sun ishe ta, kuma babu kindirmon kirki. Ɗayanmu ya bi mahaifinsa kasuwar shanu, ya ce shi ya gama da boko, ko da yake har yau in ya ga saniya tana tuƙa sai ya yi mana maganar beta. Mu biyun da muka rage mun koma zauren, wannan karon da littafin fizik a sama. Kuɗin takardun bara Inna ce ta sayar da tunkiyarta ta cika wa ɗanta, bana ba mu san abin da za a sayar ba tukuna.

Daren da muka sake buɗe littafi ta kawo mana shayi kamar yadda ta saba. Muka kurɓa muka ji salam. Muka ce, "Inna, yau sukari ya ƙare ne?" Ta ce, "Yana nan. Ba ku kuka ce yana narkar da haƙori ba? Ku sha haka nan, ni ma haka nake sha." Ta ɗauki carbinta da muka bari a kan tabarma tun bara muna lissafi da shi, ta shige ciki.